Malama Lubabatu da Shekarar da ta Ɓace a Kwamfuta

Duk mai bin hanyar bakin ruwa a Yelwa da hantsi ya san Malama Lubabatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai zama a ɗan ofishin nan da ke jikin rumbun kifi, taga a buɗe, tabarau a kan hanci. Ba ta fara aiki sai ta leƙa rumbu ta ga kwandunan da suka sauka, ta tambayi na Wara, ta tambayi na Shanga. Sannan ta wanke hannu, ta kunna kwamfuta, ta shigar da cinikin jiya cikin manhajar da muke lissafin haraji da ita. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina cikin waɗanda suka haɗa hannu aka kafa kamfanin kifin da take yi wa aiki, bayan na bar koyarwa. Sunan ne babba. Abin da muke da shi jirgi ɗaya ne mai inji, da rumbu, da matan ƙauyukan bakin tafki da muke sayen kifinsu.

Wata shekara Innarta ta kwanta ciwo a Shanga, Lubabatu ta tafi jinya. Muka ɗauki akanta daga Birnin Kebbi, Malam Yusha'u, ya riƙe mana lissafi. Ya yi aikinsa tsaf, ya kai wa ofishin haraji komai a kan lokaci. A shekarar ne muka sayar da tsohon injin jirgi muka sayi sabo.

Da Inna ta samu sauƙi, Lubabatu ta dawo. Ranar ina ofis tare da shugabanmu, Alhaji Lawali, sai muka ga ta ƙura wa kwamfuta ido, ta daɗe ba ta motsa ba.

"Alhaji, wanga inji da kunka saida ma mutumin Wara, ya dawo ne?"

"Wane irin dawowa? Shina can shina aiki."

"To kwamfuta ta ce namu ne har yau. Sabon kuwa ba ta san da shi ba."

Alhaji ya yi dariya. "Ki share, ki soma sabo. Akanta ya gama da waccan shekara, an karɓa."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Ofishin haraji na da shekarar nan, Malam Yusha'u na da ita. Mu da abin ya faru gare mu, mu ne ba mu da ita?"

Bayan Alhaji ya fita na ja kujera, don abin ya ba ni mamaki. Na ce, "Malama, tunda an biya, mene ne abin damuwa?" Ta bayyana mini cewa manhajar tana ɗora kowace shekara a kan wadda ta gabace ta. Darajar inji tana raguwa shekara bayan shekara, kayan da suka rage a rumbu suna tsallakawa zuwa gaba. In aka bar gurbi, duk abin da ya biyo baya zai tashi a karkace, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka buƙace shi.

Ta hau mota ta tafi Birnin Kebbi. Malam Yusha'u da kansa ya ba ni labarin zuwanta. Ya ce bai taɓa gama wa mutane aiki wani ya biyo shi yana neman ya fahimci yadda aka yi ba, kuma ya ji daɗi ƙwarai. Sai dai manhajarsa daban, tamu daban, fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa a wurinmu. Ya buga mata komai a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin alƙaluman da ke tsallakawa zuwa sabuwar shekara. Ta dawo ta riƙa shigarwa da hannu, wata bayan wata, tana kiransa a waya duk inda ta cije. Ba ta tsaya ba sai da ƙarshen lissafinta ya yi daidai da nasa.

Damina ta gaba ta zo mana da wahala. Itacen banda ya jiƙe, kifi na ruɓewa kafin a kai shi wuta. Tamada, wata mai sayar mana da kifi daga Wara, ta zauna a ƙofar rumbu tana hawaye, ta ce, "Malama, abin da na zubar a makon ga, da shi zan ciyar da gida." A daidai lokacin wata ƙungiya ta zo da firiza mai aiki da hasken rana don ƙananan kamfanonin kifi. Sharaɗinsu shi ne a nuna lissafin shekarun baya a jere, babu yankewa, kuma wa'adin gajere ne.

Jami'insu ya zauna gaban kwamfutarmu, ya bi shekara bayan shekara. Da ya zo kan sabon inji sai ya ce a kai shi ya gani. Muka gangara bakin ruwa, ya duƙa ya karanta lambar jikin injin, ya duba takardarsa, ya gyaɗa kai. Firizar tana rumbunmu yau, kuma Tamada ta daina zubar da kifi.

Malama Lubabatu, ke ce mai tambayar da ba a kai ga amsa ba sai an tashi tsaye. Ke ce kika ƙi yarda a ce "an gama" alhali ba ki gane ba. Ba wanda ya sa ki, ba wanda ya ƙara miki ko sisi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma masu riƙe wa jama'a lissafi, in kun ba akanta aiki, ku karɓo abin da ya yi ku mayar da shi gida tun yana tuna ku. Da na gaya wa Malama Lubabatu zan rubuta wannan, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, "Ka sa sunan Malam Yusha'u. Bai taɓa ƙin ɗaukar wayata ba."