Kaska Ba Ya Sakin Riga

Ina zaune a bakin shagon aski na jikana Kaska aka yi rigimarsa da mai wankin mota, don haka kada wani ya ce gishiri na ƙara. Kullum ruwan kumfa sai ya gangaro har ƙofar shagon. Ran nan Kaska ya ajiye almakashi ya fita, cacar baki ta kai ga "in ka isa taɓa ni". Sai ga ƙaton jikana, mai mata da 'ya, ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗaga ƙafafu sama, yana jan gindi yana cewa, "Zo mana! Sauko nan ka gani!"

Mai wankin mota ya dube shi, ya dubi tiyon da ke hannunsa, ya buɗe ruwa. Tas ya wanke shi, har bayan kunne.

Na ce, "Maigida, da ka faɗa min wanka kake so, ai da na ɗora maka ruwan zafi."

Ba hauka ya yi ba, abin da aka koya masa ne. Ya daɗe yana jiyu-jitsu, kokawar da ake cewa ta Brazil, wadda a kwance ake yin ta, ana shaƙe wuya ana murɗe gaɓa. A wurinsu in bayanka ya taɓa ƙasa ba ka faɗi ba, gida ka zo. Shi kuwa tun yana goye in ya damƙi abu ba ya saki, shi ya sa na raɗa masa Kaska.

Kunyar wankan nan ce ta kai shi koyon judo, inda a tsaye ake kama riga a ɗaga mutum a maka shi da ƙasa. A saman shagon masu faci suke yi, ɗaki mai katifu shimfiɗe bango zuwa bango. Kocinsu tsohon direban bas ne, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yakan zo aski, ko da yake ban san me ake aske masa ba. Yana kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, na ji yana ce wa Kaska:

"Ka miƙe bayanka, ka daina duƙawa kamar mai neman allura. Ƙafar mutum ba a kama ta a nan. Ɗamarar girman da ka samo a waccan kokawar, bar ta a gida. Kuma kafin ka kayar da kowa, sai ka iya faɗuwa. Haɓa a ƙirji, ka mari katifa da hannu, kada ka tokare. In an ɗaga ka, ka tafi. Kada ka jawo mutum ya biyo ka."

Kaska ya yi dariya. "Koci, ni fa a ƙasa nake cin abinci."

Koci bai yi dariya ba. Ta cikin madubi ya kalle shi, ya ce, "Ƙasar da ka zauna da kanka daban, wadda aka jefa ka daban."

Akwai wani mai walda a ajin, Buhu suke ce masa, kuma ba zaluntarsa aka yi ba. Shi ya zo har gida ya ba ni labari, yana murza hula. Ya ce ya juya ya ɗauko Kaska ta kan kafaɗa, maimakon Kaska ya tafi, sai ya ƙanƙame masa kwala da hannu biyu, ya ɗaga kai yana laluben wuyan da zai shaƙe tun suna sama. Kan Kaska ne ya fara sauka. Buhu ya biyo baya, dukansa.

Kaska ya tashi yana dariya, ya ce ba komai. Ni dariyar maza ba ta ruɗa ni, na binne miji biyu masu cewa ba komai.

Na fara sa ido. Na ga ya riƙe kofin shayi mai tururi, ɗan yatsansa na ƙarshe manne da gilashin, bai ji ba. Na ga maɓallin riga yana ba shi wuya. Sai ranar da yake gyara wa wani dattijo gemu, aska ta sulale daga hannunsa, ta goga maƙogwaron mutumin ta faɗa kan ƙyalle. Dattijon idonsa a rufe, yana ta labarin ƙwallo. Kaska ya tsaya yana kallon hannunsa kamar aro ya yi.

Likita ya ce jijiya ce ta danne a wuya. Tana iya warwarewa. Amma in ya ƙara sauka a ka, hannun zai tafi, kuma ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Matarsa ba ta da aiki a gidan sai goge teburin da ta riga ta goge.

Koci ya hana shi kamawa da kowa. Ya mai da shi kusurwa, daga durƙushe yake faɗuwa yana marin katifa, ya tashi ya sake. Amma ya gaya min a ɓoye, ko shi kaɗai yaron ya faɗi, yatsunsa sai sun dunƙule suna neman riga.

Ranar da na ga ya ɗauki jakarsa da hagu saboda dama ta ƙi rufuwa, na gitta sandata a ƙofa.

"Ba inda za ka. Hannun nan shi ke ciyar da mu. In ya mutu da ƙafa za ka yi aski?"

"Amarya, matsa. Faɗuwa kawai nake koyo."

"Ana koyon faɗuwa ne, ja'iri? Wanda ya zauna a gida, wa zai kayar da shi?"

Ya dubi sandar, ya dube ni.

"Kaka, ke da ba ki taɓa shiga kokawa ba, wa ya karya miki ƙugu? Santsin banɗaki ne, kuma ke ma tokarewa kika yi."