Saura Ɗauka Ɗaya a Kyamarar Nazifi

Wata rana wani saurayi, Nazifi, ya sauka daga mota a wani ƙauye can bayan Gumel, rataye da tsohuwar kyamara mai fim.

Eh, mai fim. Irin wadda sai an kai an wanke kafin ka san abin da ka ɗauko. Ɗauka talatin da shida ce, in ta ƙare ta ƙare.

Abu ɗaya ya kawo shi: hoton kakanninsa, Malam Ilu da Inna Tabawa, su biyu a wuri guda.

Jama'a, shekara hamsin da huɗu da aure, ba su da hoto ko ɗaya tare! Kunya irin ta mutanen da. Ita ba ta faɗin sunansa, shi kuma ba ya haɗa tabarma da ita a gaban yara.

Sai da Nazifi ya yi kwana biyu yana lallashi kafin tsohon ya yarda, shi ma da sharaɗi. Sau ɗaya tak, kuma ban da waya, don shi ba za a yi ta yawo da fuskar iyalinsa a duniya ba.

Nazifi ya duba lambar da ke kan kyamara, sai gabansa ya faɗi. Talatin da biyar!

Ashe zumuɗi ya sa ya ƙarar da fim a kan shanu da kasuwa da masu jan ruwa a rijiya. Saura ɗaya. Ga shi gobe da sassafe zai koma Zariya, tsohon kuwa ya haura tamanin.

Ana idar da azahar Malam Ilu ya fito cikin babbar riga, ya tsaya ƙiƙam a tsakar gida, wai a yi a gama.

Nazifi ya ɗaga kai ya dubi rana. Tana tsakiyar ka, tana dukan mutum kamar da gayya. Inuwar hula ta rufe rabin fuskar tsohon, idanunsa sun koma ramuka biyu.

Ya ba shi haƙuri, ya ce a bari sai bayan la'asar. Tsohon ya yi tsaki ya shige ɗaki.

Shi kuwa Nazifi bai zauna ba. Ya kwashe shanyar da ke kan igiya. Ya kawar da bokitin roba. Ya kori akuya, ta dawo, ya sake korar ta. Ya shimfiɗa tabarma a gindin jar katanga, inda ya lura jiya haske na sauka a kaikaice. Ya durƙusa ya leƙa, ya matsa hagu, ya sake leƙawa.

Bayan la'asar rana ta sunkuyo. Wayyo, hasken nan! Laushi, ruwan zuma, ya kwanta a jikin katangar ba ya kashe ido.

Tsofaffin suka fito suka zauna.

Shi a wannan bakin tabarma, ita a wancan. Filin da ke tsakaninsu jaki zai wuce da kayansa. Fuska kuwa a ɗaure tamau, sai ka ce an kawo su gaban alƙali.

Nazifi ya roƙa su ɗan matso. Malam Ilu ya galla masa harara. Inna Tabawa ta juya fuska tana kallon katanga.

Ga rana tana ta zamewa. Minti kaɗan ya rage ta faɗa bayan bishiyar darbejiya, hasken ya tafi. Yatsansa na kan maɓalli, gumi na bin bayansa, zuciyarsa na cewa danna kawai ka huta.

Bai danna ba.

Sai ya tuna shi fa jika ne. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu, kaka matar jikanta ce a wasa, kakansa kuwa abokin takara. Idonsa na kan kyamara ya ɗaga murya:

"Inna, tashi ki haɗa kayanki. Tunda wannan tsohon ba ya yi da ke, gobe Zariya za mu, kin samu saurayi."

Malam Ilu bai san lokacin da ya zaburo ba. Caraf ya damƙe bakin mayafinta.

"Kai, ja'iri! Da wa za ka tafi? Taɓa ta ka gani!"

Inna Tabawa ta tuntsire da dariya. Ta karkato wajensa, hannu a baki, haske ya zuba a kumatunta.

Ƙas!

Talatin da shida.

To fa, fim ba ya nuna maka komai nan take. Kwana tara Nazifi ya yi yana jiran mai wankin hoto da ya aika wa a Kaduna. Kullum tunani: ko hannuna ya girgiza? Ko wani ya rufe ido?

Ranar da ambulan ɗin hotunan ya iso, a bakin tasha ya farke shi. Wallahi ihun da ya yi sai da masu shayi suka waiwayo!

Ga su nan. Tsohon ya taso rabi, hula ta karkace, hannunsa riƙe gam da mayafin matarsa. Ita tana dariya har idanu sun ƙanƙance. Kowane layin tsufa a fuskokinsu ya fito raɗau, jar katanga a baya tas, ba abin da ke raba wa mutum hankali.

A ranar ya shiga motar Gumel.

Malam Ilu ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ai abin kunya ne, kada wanda ya sake ya nuna wa kowa.

Can kuma, ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji, ya tambayi jikan ko ana iya wanko babba, wanda zai rataye a ɗakinsa.

Darasi: in dama ɗaya ce ta rage maka, kada tsoro ya sa ka danna da wuri. Gyara abin da za ka iya gyarawa, jira lokacinsa, sannan ka bi wa mutanenka ta hanyar da suka sani. Dattawanmu ba sa faɗin so da baki, amma yana nan daram.

In naka kakannin suna raye, je ka ɗauke su tare tun yau. Tura wa ɗan'uwanka wannan shi ma ya tuna da nasa.