Miyar Irmiya Tana Ingila

Irmiya ɗan Toma mutumin kudancin Bauchi ne. Ya shigo gari da ƙuruciyarsa, ya samu aikin lambu a gidan Baturen gandun daji. Gajere ne, yana tafiya kamar wanda ake yi wa kiɗa daga nesa. Ba shi da rowa, ba shi da faɗa. Ciwonsa ɗaya ne: yana so sunansa ya je inda ƙafarsa ba za ta taɓa zuwa ba.

Matarsa Liatu kuwa tana da wani suri a bayan unguwar Gwallameji, lokacin wurin duk jeji ne. Idan damina ta zauna, sama ta kwana tana gurnani, sai naman kaza ya fito a jikin surin, fari tas, kamar an buɗe wa gara ƴan laimomi. A al'adar garinsu mace ba ta nuna surinta ga kowa sai ƴarta. Irmiya ya san wurin ne kawai don ya taɓa raka ta tana da tsohon cikin ƴarsu Roda.

Ana dab da samun ƴancin kai, Baturen ya kamu da son naman kaza. Ba don ci ba. Yakan shanya shi, ya naɗe a takarda, ya rubuta inda ya tsiro, ya aika wani gidan adana kayan tarihi a Ingila. Elias, kukun gidan, ya ce wa Irmiya har sunan wanda ya samo shi ake rubutawa. Daga ranar tuwo ya daina yi wa Irmiya daɗi.

"Baban Roda," in ji Liatu, "na ga idonka yana yawo wajen surina."

"Haba, Uwar Roda. Gani kawai zai yi. Bature yana shan miya ne?"

Irmiya ya kai Baturen. A mota aka je, ana hon, leburori a baya da diga da shebur, matan unguwa na biye suna kallon hanya da kyau. Baturen yana so ya ga inda saiwar ta tsaya, saboda haka aka farke surin har ɗakin uwar gara. Irmiya yana tsaye, ƙirji a gaba, yana miƙa masa naman kazan ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, yana faɗin sunansa:

"Irmiya, ranka ya daɗe. Irmiya ɗan Toma."

Baturen yana gyaɗa kai yana rubutu.

Da kayan suka bushe, Irmiya ya ja Elias gefe don ya karanta masa takardar.

"An rubuta Bauchi," in ji Elias. "An rubuta suri. Sai sunan Maigida."

"Duba can ƙasa, abokina."

"Wannan laka ce. Yatsanka ne."

Irmiya ya daɗe yana kallon tabon. Daga baya ya ce ai ba laifi, yatsa ma na mutum ne.

Aka sauke tutar Turawa, Baturen ya hau jirgi. Ramin surin ya cika da ciyawa, bai sake fitar da komai ba. Irmiya ya tsufa yana tare mutane a ƙofar coci yana ba su labarin yatsansa da ke kwance a akwatin gilashi, kowace shekara akwatin yana ƙara girma.

Liatu ba ta yi masa faɗa ba. Ta nemo wani surin, ita da Roda suke zuwa, kuma ba sa dawowa ta hanyar da suka tafi. Duk damina ƙanshin miyar yakan cika tsakar gida, yara su sha har su lashe kwano. Shi kuwa sai a ajiye masa kuka.

"Uwar Roda, ko ɗan romon ne?"

"Taka tana Ingila, Baban Roda," takan ce, tana kwashe tukunya. "In ka je ka sha."