Rijiyar da Yaya Malami Ya Hana a Haƙa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran yayana, Injiniya Malami Sa'ad, bayan gajeriyar jinya a nan Sakkwato. Ya shafe rayuwarsa yana aikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana duba inda ya dace a haƙa rijiyoyin burtsatsen da gari ke sha.

Yaya, har tsokanarka muke yi a gida. Ka je barkar sabon gida, kafin ka yaba fenti ka tambayi inda aka haƙa salga da inda rijiya take. Mutane nawa ka bi har ƙofar gida ranar hutunka, cikin rana, don kawai ka nuna musu inda ruwansu zai tsira? Matan Dundaye sun zo gaisuwa suna ba ni labarin yadda ka tsaya kai da fata aka matsar da juji daga bakin rijiyar unguwa, har gudawar da ta addabi yaransu ta lafa.

Amma ba zan rubuta ta'aziyyarka in ɓoye abin da ya fi ci maka rai ba. Da Inna ta rasu, ɗan'uwanmu Jelani, wanda nake bi, ya yi niyyar haƙa mata burtsatse a ƙofar gidanmu, sadaka mai gudana. Ka hana. Ka ce rijiyar gwamnati da unguwa ke sha tana nan kusa, jifa ɗaya. Ƙasar wurin rairayi ce, babu yumɓun da zai tare ƙazanta. In injuna biyu suka haɗu suna zuƙa, ruwa zai yi ƙasa, ya janyo na salgogin da ke kewaye, rijiyoyin biyu su lalace tare. Jelani ya ce boko ya sa kana hana wa mahaifiyarka lada. Ina nan tsaye ka amsa masa:

"Jelani, Inna tawa ta kamar yadda take taka. Amma ba ni yarda a shayar da ɗiyan mutane ruwan salga da sunanta."

Ka nuna masa wani fili can bayan gari inda ake wahalar ruwa, ya ƙi ko kallonsa. Tun daga ranar sai gaisuwar Sallah ke haɗa ku. Na sha ganinka ka ɗauko waya za ka kira shi, ka mayar aljihu.

Ranar jana'izarka Jelani ya ƙi sakin makara har bakin kabari. Kukan da ya yi ban taɓa ganin namiji ya yi irinsa ba. Da aka zo addu'ar uku, ya miƙe gaban jama'a ya ce zai haƙa burtsatse da sunanka, a ƙofar gidanmu, a daidai wurin nan. Kowa ya ce masha Allah. Ni kuwa na san ba gayya yake yi ba, nadama ce, kuma wannan ce kaɗai hanyar neman yafiya da ya sani. Na same shi a keɓe na roƙe shi ya sauya wuri, ya ce in bar shi ya yi wa ɗan'uwansa abu ɗaya a duniya. An ce motar haƙa za ta zo Asabar.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya yalwata kabarinka, Ya yafe kurakuranka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Sadiyatu da ke cikin takaba, da 'ya'yanka, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ta'aziyyata ta ƙarshe gare ka ce, Yaya Jelani. Don Allah ka kai sadakar nan inda ba za ta cutar da kowa ba, kada ka rubuta sunan Yaya Malami a kan abin da ya mutu yana hanawa. Na san za ka iya daina yi mini magana saboda wannan rubutu, kuma ina jin tsoron haka ƙwarai, domin kai kaɗai ka rage mini.

Hafsat Sa'ad, Sakkwato