Ƙugiyar Sunanka, Malam Ɗalha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Mayu, 2001, bayan sallar la'asar, matarka Bahijja ta aiko mini har unguwarmu Madabo cewa Allah Ya karɓi abinSa. Kwana uku kacal ka yi a kwance. Ni Dije, da na koyar da kai a aji uku na firamare, ban taɓa kawo wa raina ni zan rubuta maka ta'aziyya ba.

Mutanen Yakasai sun san ka da gyaran kwamfuta. Ni kuwa na san ka tun kana rubuta sunanka Dalha, ba ƙugiya a kan baƙin farko. Sau nawa na ja maka kunne a kan haka? Har ka yi gemu kana tuna mini, muna dariya.

Shekarar da soja suka koma bariki na yi ritaya, na ƙudura rubuta waƙoƙin daka da na niƙa da na gada wajen mahaifiyata, Inna 'Yardada, kafin su bi ni kabari. Da ka ji, sai ka harhaɗa mini kwamfuta da hannunka, ka kawo har ɗakina. Na ce maka wannan abar ba ta san Hausa ba. Ka ce, "Malama, ai ba ta yi ajinki ba ne." Ka yi mako biyu kana zana mata baƙaƙenmu masu ƙugiya, ka ɓoye su a ƙarƙashin waɗanda Hausa ba ta amfani da su. In na danna q sai ƙ ta fito, x ta ba ni ɗ, v ta ba ni ɓ. Ranar da na ga "ɗan ƙwarai" ya fito daidai a allon, wallahi sai da na yi hawaye.

Da aikin ya yi nisa kwamfutar ta fara nawa, tana tsayawa cak ina tsakiyar baiti. Na ɗauka tsufa ne, irin nawa. Ka buɗe ta, ka ce memorinta, wato ƙwaƙwalwarta, ne ya yi kaɗan, ka ƙara mata wani ɗan siririn allo da ka ciro daga taka ta shago. Na nemi ka sa mini sabuwar manhajar da ake yayi, ka ƙi, ka ce ba za su jitu da baƙaƙenmu ba. Na yi fushi, ashe gaskiyarka ce.

Sau uku kana cewa in aiko a karɓi faifan da ka ajiye baƙaƙen a ciki. Na yi ta cewa sai an kwana biyu. Kaico! Kwana goma bayan rasuwarka kwamfutar ta ƙi tashi. Bahijja ta zazzage shagon, ba mu gane faifan ba. Na ɗauki wanda waƙoƙin suke ciki na kai wani shago a Ƙofar Nassarawa aka buga mini. Shafi ɗari da arba'in, ko'ina qasa, xaki, varawo. Mai shagon ya ce bai san kan abin ba. Kewarka ta kama ni a tsaye a wurin, har sai da aka ba ni kujera.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bahijja, da 'ya'yanka Umair da Sa'ida, da yayanka Alhaji Isiyaku, da dukkan jama'ar Yakasai. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Waƙoƙin Inna ba za su ɓata ba, in Allah Ya yarda. Na sayi biro, ina bin su baƙi baƙi da idon nan nawa da ya raunana. Na fara da shafin godiya, inda injin ya rubuta Xalha. Na soke, na rubuta sunanka da hannuna, na sa masa ƙugiyarsa.