Ganyen da Gwaggo Ba Ta Gani Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gwaggona, yayar mahaifina, a asibitin da ta yi wa aikin unguwarzoma har ta yi ritaya. Ina cikin aji ina rubutu a allo aka kira ni aka faɗa mini. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na faɗi haka a lokacin, ina kan faɗa har yau, amma Gwaggo, zuciyata ta ƙi kwanciya, shi ya sa na zauna rubuta miki wannan.

Wasu za su ba da labarin jariran da kika karɓa, da matan da kika tsaya a kansu har suka sauka lafiya. Sun fi ni sanin wannan. Ni maganar Auta zan yi.

Duk wanda ya taɓa hawa benenki ya san Auta. Shuka ce mai hawa, a kusurwar falo, gefen taga. Wata mata da kika karɓi haihuwarta mai wuya ce ta kawo miki ita a gwangwani, da ganye biyu kacal. Ta ce daga dazukan ƙasarsu take, inda ruwa ba ya ɗaukewa, rana kuma ba ta isa ƙasa saboda duhun itatuwa. Ta gaya miki idan ta samu abin hawa ta girma sosai, wata rana za ta fitar da ganye mai faɗin faranti, da hudoji a jikinsa. Wannan ganyen kika zauna jira shekara da shekaru. Mu muka sa mata Auta don tsokana, saboda ko 'ya'yan cikinki ba su ga gatan da ta gani ba.

Kai, mun sha faɗa a kan shukar nan! Ba a kunna fanka a saitinta. Ba a yaye labule gaba ɗaya, don rana tana ƙona mata ganye, haske take so ta bayan yadi. Ruwan famfo ba ya shiga tukunyarta, sai ruwan saman da kike tarawa a jarkoki a bayan ƙofa. Ƙasarta ma haɗi ne na musamman, da ɓawon itace da gawayi da zaren kwakwa. Kin kafa mata sanda, kin naɗe da tsohon buhu, kullum da safe kina fesa wa buhun ruwa domin saiwoyin jikinta su samu danshin kamawa. Kafin ki ba ta ruwa sai kin tsoma yatsa a ƙasar. Na taɓa ɗaukar kofi zan zuba mata, kika daka mini tsawa daga kicin: "Ajiye! Ƙishi ba ya kashe ta da wuri, ruwa ne ke kashe ta. Ku komai sai kun cika shi." Na ce to Gwaggo, Allah ya ba Auta haƙuri. Kika yi dariya har da tari.

Bakinki da kaifi, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da kika yi wa maƙwabciyarki ta ƙasan bene, shekarar da jaririnta ya rasu. Ta rufe kanta a ɗaki, ba ci ba magana, kowa ya yi lallashi ya gaji. Ke ba ki lallashe ta ba. Kin sauka kin buga ƙofa, kin ce bayanki ya riƙe, ba ki iya miƙa hannu, ta zo ta goge miki ganyen Auta kada ƙura ta kashe ta. Bayanki lafiyarsa ƙalau. Ta hau, kika ba ta tsumma mai laushi, kika nuna mata yadda ake tallafe ganye da tafin hannu kafin a goge. Washegari kika sake kiranta. A haka ta fara cin abinci a teburinki, a haka ta dawo cikin mutane.

Zuwana na ƙarshe wajenki shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Auta ta kusa taɓa silin, kuma a can samanta akwai sabon ganye a naɗe, mai kaurin da ba a taɓa gani ba. Na ce Gwaggo, ina jin wannan ne fa. Kika ce ke ma haka kike gani. Sai kika shiga kicin kika fito da almakashi a cikin kwano, kin tafasa shi, yadda kika saba lokacin aiki. Kika ce in riƙe miki kujera. Ina kallo kika hau, kika lalubi gaɓa mai saiwa, kika datse kan Auta gaba ɗaya, har da naɗaɗɗen ganyen.

Na yi salati. Na ce, "Gwaggo, lafiya kuwa? Abin da kika yi shekaru kina jira?"

Kika sa shi a kwalbar ruwan sama kika miƙo mini. "Tafi da shi. Gaɓar ta zauna cikin ruwa, ganyen a waje. Kada ki cika masa kulawa."

Na ɗauka rigimar tsufa ce. Na ga kin rame, na tambaya, kika ce zafi ne. Ashe kin riga kin ga sakamakon gwajinki, kuma mai aikin asibiti ba ta bukatar a fassara mata. Ba ki gaya wa kowa ba, har 'ya'yanki. Da na san ban kwana kike yi da ni, wallahi da ban duba agogo ba, da ban ce yara na jirana ba. Kin ce in zauna in sha shayi, na ce sai wani zuwan. Wannan shayin yana damuna, Gwaggo.

Kin san mutanenki sarai. Da aka cika gidan ana karɓar gaisuwa, duk wanda ya shigo sai ya kalli kusurwar nan ya ce Allah sarki, shukar marigayiya. Wannan ya juye mata ragowar ruwan kofinsa, wancan ya ɗebo na famfo ya ƙara. Aka yaye labule don a sha iska, aka kunna fanka. Babu wanda ya yi da mugun nufi, ƙaunarki ce ta sa. Maƙwabciyarki ta yi ta hanawa, amma wa zai saurare ta a cikin wannan taro? Kafin gida ya watse ganyen sun yi rawaya, gindin ya yi laushi yana wari. Mun zazzage tukunyar ni da ita, muka tarar saiwoyin duk sun ruɓe. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwarki.

Saura na kwalbar. Yana kan tagar kicin ɗina, bayan labule. Na hana kowa taɓa shi, ni da nake yi miki dariya. Ya fitar da fararen saiwoyi, na kuma yi wa maƙwabciyarki alkawarin gaɓa ta farko da za a iya yanka.

Jiya da safe na shiga ɗora ruwan shayi, na tarar ganyen ya buɗe. Yana da faɗi, yana sheƙi, kuma ga hudojin nan a jere a gefen jijiyarsa, kamar yadda matar nan ta faɗa miki. Na ɗauki waya zan kira ki. Sai da na nemo lambarki na tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, da mahaifina wanda ya rasa yayar da ta goya shi, da maƙwabciyarki da ta zama 'ya a gidanki, da duk matar da ta taɓa riƙe hannunki a ɗakin haihuwa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa alherin da kika yi a ɓoye ya tarbe ki. Kin haƙura da ganin ganye ɗaya domin shukar ta rayu a bayanki. Allah ya zaunar da ke a inuwar Aljanna, Gwaggo, ya nuna miki wanda ya fi shi. Amin.