Ganyen da Mazari Ta Ɗora wa Malama

Tun tana ƙarama ake ce mata Mazari, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Mahaifiyarsu, Allah Ya ji ƙanta, takan ce ko salla yarinyar nan take yi sai ka ga yatsun ƙafarta suna motsi. Da ta tasa aka kai ta koyon ɗinki shagon yayarta, ba a je ko'ina ba aka gane ita da keke ba za su sha inuwa ɗaya ba. Ɗinki haƙuri yake so, a bi layi har ƙarshe. Ita kuwa kafin ta gama hannun riga ta sake shawara, ta farke. Yadin da ta ɓata Yaya ce kaɗai ta san yawansa, kuma har yau ba ta gaji da faɗa ba.

Amma kowa da inda Allah Ya ajiye masa rabonsa. Nata a ƙarƙashin teburin yanka yake, cikin ƙyallayen da ake sharewa. Takan samu bayan tsohuwar kalanda, ta zana mace mai dogon wuya da fensir, ta bar fuskar fili. Rigar kuwa ba zana ta take yi ba. Ƙyalle take yankawa ta manna da gam, ta bi bakin da guntun leshi, ta yi ɗan kunne da takardar alawa mai ƙyalli, ta shafa ruwan shayi a hannuwa ya ba da launin fata. Inda take son tudu sai ta cusa ƙyalle a ƙarƙashin ƙyalle. Hotunan suka cika bangon shago. Mace ta shigo ta nuna da yatsa, Yaya ta ɗinka.

Yanzu ta haura arba'in, tana da 'ya'ya, hali kuwa yana nan. Mijinta mai gyaran firji ne, ya taɓa zuwa shagon da rigarsa a hannu yana tambayar ina aljihunta ya tafi. Aka same shi a bango, ya zama jakar hannun wata mata ta kwali. Babbar matsalarta ita ce hoto ba ya ƙarewa a wurinta. A zaɓa yau, gobe a tarar wuyan ya koma wani iri. Dole Yaya ta koyi cire duk wanda aka zaɓa ta kulle a durowa.

Ana nan sai Malama ta zo. Tsohuwar mai kawo ɗinki ce, tana koyarwa a makarantar da ke ƙarshen titi, mace mai dariyar da ake ji tun daga waje. An daɗe ba a gan ta ba. Ta shigo da rana tsaka lokacin da ba kowa, ta lulluɓa da ƙaton mayafi, hannunta na hagu a naɗe bisa ƙirji. Ba ta yarda an yi awo ba sai da aka ja labule. An yi mata aiki a asibiti, an cire mata nono ɗaya. Ciwo ya warke, likita ya ce ta koma aiki, amma duk rigar da ta sa sai ta tona mata asiri.

"Yara ba sa ɓoye ido, Yaya," in ji ta. "In ban samu rigar da zan tsaya gaban allo da ita ba, ajiye aikin zan yi. Na gaya wa maigidan."

Yadin da ta kawo shuɗi ne mai duhu, da zanen ganye kore. Mazari ta kasa jira. Ta gutsuri bakinsa, ta durƙusa a ƙasa da almakashi da gam, kafin Yaya ta gama awo hoto ya fito. Ganye guda na zanen yadin ya taso daga kafaɗar hagu, ya kwanto har ƙugu, ya rufe gefen gaba ɗaya. Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗan yi dariya, ta farko tun shigowarta.

"Wannan. Don Allah kar a canza komai."

"Kin dai ji," in ji Yaya, ta fizge hoton ta sa a durowa.

Ana gobe za a koma makaranta Malama ta zo gwaji da hantsi. Yaya ta ɗinka yadda hoto ya nuna, ba ragi ba ƙari. Malama ta sa, ta tsaya gaban madubi. Ganyen da ya rufe ƙirjin macen kwali, wadda tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba, a jikin mutum bai fi yatsa ba. Ga su nan birjik, 'yan ƙanana, yadin kuma ya kwanta ya lotsa a gefen hagu kamar yana nuni. Mazari ta san wannan sarai. A da in yadi mai zane ne, ƙyalle fili take mannawa ta zana masa ƙananan furanni da hannu. Ran nan tausayi da gaggawa suka sha mata kai.

Malama ta miƙa hannu ta jawo mayafinta. "Ba laifinku ba ne. Haka Allah Ya so."

"Laifin wannan ne," in ji Yaya. "Na sha gaya miki, ki bar yi wa mutane alkawari da kwali!"

Mazari ta je bakin ƙofa ta dawo, ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta buɗe durowa ta rufe. Can sai ta jawo buhun ƙyallaye ta zazzage shi a tsakar shago, ta shiga tsintar duk wani kore, mai duhu da mai haske, na siliki da na auduga.

"Malama, kar ki cire. Tsaya nan, ɗaga haɓa."

Ta yanka ba awo, ta ɗora a kafaɗar, ta miƙa hannu wajen kwalbar gam.

"Ke! Mutum ce fa, ba kalanda ba!" Yaya ta buge mata hannu, ta tura mata gwangwanin fil.

Haka Mazari ta yi ta yi, fil a baki, tana zagaya Malama. Ta ɗora ta cire, ta matsa baya ta ƙanƙance ido, ta dawo. Inda ya lotsa ta ninka ƙyalle ta cusa a ƙasa, ta rufe da wani, yadda take tayar da tudu a hotunanta. Ganye ya fara fitowa, babba, ɓari-ɓari, kowane yanki da irin korensa. Aka yi azahar, aka dawo, tana kai. Sau nawa ya yi kyau ta sake tuge shi.

"Mazari, likita ma bai daɗe a kaina haka ba," in ji Malama, tana sauya ƙafa.

"Saura kaɗan, bakin nan ne bai zauna ba."

"Ke kin taɓa zama ne balle shi?" Yaya ta tashi ta shiga tsakaninsu. "Malama, cire a hankali, akwai fil. In na bar ta, har yaran su gama makaranta tana nan."

Yaya ta hau keke tana mita, wai tun da take ba ta taɓa ɗinka faci a kan sabuwar riga ba. Amma ta canza zare har kala uku, kuma ta bi kowane baki a nutse.

Washegari da safe suna buɗe shago Malama ta biyo ta titin, jaka a hannun hagu, mayafin a yafe bisa kai kawai. Ta ɗago musu hannu ba ta tsaya ba. Mazari ta bi ta da kallo, sai ta ga kan ganyen ya ɗan karkace, da an matsar da shi kaɗan da ya fi. Ta zari almakashi ta yi waje. Yaya ta cafke ta a damtse, ba ta sake ta ba sai da Malama ta shige ƙofar makaranta.

Mazari ta dawo ciki, ta zauna, ta miƙe. Ta tsaya gaban bango, ta sa farce ta fara ɓamɓare wuyan rigar wani hoto.